Hawan Laraba a Tashar Gawo

Dalilin da ya sa duk ranar Laraba kuke ganin mace ɗaya daga garin nan ta yafa mayafi ta nufi tasha, ta yanki tikiti, ta hau jirgi zuwa Zangon Marke, ba saye ba sayarwa, sannan ta juyo a ƙasa tafiyar awa uku, labari ne da ya girme ni. Kun sha tambayata ina ce muku sai na sami sarari. To ga shi yau, yadda na ji daga bakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ku riƙe shi da kyau, domin wata rana ku ma naku 'ya'yan za su tambaye ku.

Da can babu gari a nan. Ƙorama ce kawai wadda ba ta ƙafewa ko da bazara, sai wani babban gawo a bakinta. Da aka shimfiɗa layin dogo ya ratsa dajin, jiragen wancan zamani da kwal da ruwa suke tafiya, kuma ƙishirwa gare su kamar raƙumin da ya fito sahara. Sai masu jirgi suka ga ruwan ƙoramar, suka kafa tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, suka gina ɗaki ɗaya da ƴar rumfa, suka ce tasha ke nan. Jirgi ya zo ya tsaya ya sha ruwa, fasinjoji su leƙo ta taga suna neman abin taɓawa. Mata daga ƙauyukan kusa suka fara kawo fura da dafaffen ƙwai. Mai fura ta gaji da zirga-zirga ta kafa bukka, mijinta ya biyo ta, ɗan'uwansa ya biyo shi. Kafin a ankara an yi masallaci. Haka Tashar Gawo ta zama gari.

Daga baya gyaɗa ta zo. Da kaka, jakuna suke shigowa a jere daga kowace kusurwa, a tara buhuna har su kere rufin tasha. A ajiye taragu biyu ko uku a wani ɗan layi na gefe, ƴan dako su cika su, jirgi ya zo ya ja su zuwa kudu, can bakin teku.

A cikin masu sayar da fura akwai wata mata ana ce da ita Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, sunansa Nomau. Nomau ba ya ji, ba ya magana, haka Allah ya halicce shi. Amma a lokacin da nake ba ku labari ya zama cikakken namiji, shekararsa ashirin da biyar, ƙarfi gare shi, buhun da mutum biyu ke kama wa juna shi kaɗai yake saɓa shi. Da hannu suke zance da uwarsa, su yi ta hira suna dariya, na gefe bai san me aka ce ba. Yana aiki a ƙarƙashin Barmo, sarkin dako, wanda taubashin Tasalla ne, ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna.

Ƴan dako suna da wata al'ada. Idan rana ta take, sai su shige cikin taragon da suke lodi su miƙe a bayan buhuna, don nan ne kaɗai inuwa mai sanyi. Kafin a rufe taragu, mai tasha yakan buga wani guntun dogo da aka rataye a jikin rumfa, kowa ya ji ƙarar ya fito. Nomau ba ya jin wannan ƙarar. Saboda haka kullum da azahar uwarsa ce take zuwa da ƙwaryar fura, ta hau taragon, ta ja masa babban yatsan ƙafa, ya tashi ya sha, su fito tare. Shekara da shekaru ba ta taɓa fashi ba.

Ran nan, tana cikin dama furar, sai aka aiko cewa naƙuda ta kama maƙwabciyarta Kande, kuma abin ya zo da gardama. Tasalla ta ajiye ludayi ta tafi. A ranta ta ce Barmo yana can, zai tashe shi. Shi kuma Barmo da ya ji ƙarar ƙarfe ya fito bai ga Nomau ba, sai ya ce a ransa uwarsa ta riga ta zo ta tafi da shi. Jirgin kaya kuma ya iso da wuri. Aka ja ƙofofi aka kulle, aka haɗa taragu, jirgi ya yi kudu.

Kande ta sauka lafiya, ta sami ƴa mace. Wannan jaririyar ita ce mahaifiyata.

Sai bayan la'asar Tasalla ta zo tasha da ƙwaryarta. Ta tarar da layin gefe fayau, Barmo yana zaune yana gyaran igiya.

Ya ce, "Baiwata, yau furar ta kwana a hanya ne?"

Ta ce, "Ina yaron?"

Ya ɗago kai. "Ba ke kika tafi da shi ba?"

Ta dubi inda taragun suke da safe, shi ma ya duba. Igiyar ta zame daga hannunsa.

Mai tasha a lokacin wani Banufe ne, Malam Ndagi, mutum mai sanyin hali. Nan take ya shiga ɗakinsa ya yi ta buga waya zuwa tashoshin gaba. Sai da aka kwana biyu amsa ta zo. An buɗe taragon a wata babbar mahaɗar jirage, wani ƙaton mutum ya diro daga ciki a firgice, aka yi ta kiransa bai waiwaya ba, ya shige cikin jama'a. Barmo ya bi jirgi na gaba. Ya yi wata guda yana bin tashoshi da kasuwanni, yana kwatanta shi da baki da hannu, ya dawo ya rame, ba labari.

Ku yi tunani, yarana. Mutumin da ba zai iya faɗin sunan garinsu ba, ba zai iya rubutawa ba, bai taɓa wuce Zangon Marke ba. Ko da ya haɗu da mai tausayi da yake son ya mayar da shi gida, ina zai ce a kai shi? Tasalla ta zauna ta yi wannan lissafin ita kaɗai, ta gane hanya ɗaya ce ta rage. Jirgi ne ya tafi da shi, kuma ya san haka. Idan Allah ya sa wata rana ya hau jirgin da ya dace, ya leƙo ta taga ya ga tankin nan da gawon nan, zai gane, zai sauko. Amma fa sai idan jirgin ya tsaya.

Tun daga ranar ba jirgin fasinja da ya tsaya a tashar nan ba ta bi shi taga-taga ba. Wasu su ɗauka ciniki take nema, su ce, "Iya, kawo ta nan." Ta zuba musu, idonta yana kan fuskokin da ke bayansu. In jirgi ya tashi ta koma gindin gawo ta yi alwala. Ba a taɓa jin ta yi wa Allah ƙorafi ba. Addu'arta dai guda ce, a ciyar da shi inda yake, a nuna masa hanya.

Aka yi shekara shida a haka. Sai aka kawo sababbin jirage masu shan mai, waɗanda ba ruwansu da ƙorama. Tanki ya zama ba shi da aiki, tsatsa ta fara cin ƙafafunsa. Bayan nan aka yi kwalta ta bi ta gabas da mu, motoci suka kwashe gyaɗa da fasinja gaba ɗaya. Ga fari ya biyo baya, gyaɗar ma ta daina yi. Masu bukkoki suka fara tashi suna komawa bakin titi. Jiragen da ke tsayawa kullum suka koma uku a mako, suka koma ɗaya, na ranar Laraba. Shi ma yakan tsaya minti biyu, ba mai hawa ba mai sauka, direba ya busa ya wuce.

A shekara ta takwas wani sufeto ya zo daga birni a kan keken dogo, leburori biyu suna tura shi. Ya zagaya tasha, ya ƙwanƙwasa ƙafar tanki da sanda, ya zauna da Malam Ndagi a rumfa. Tasalla tana gefe da ƙwaryarta, ta ji yana cewa za a rufe tashar a ƙarshen wata.

Ta matso ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, in an rufe, jirgin zai riƙa bi ta nan?"

"Zai bi, Iya. Tsayawa ce ba zai yi ba."

"Ko kaɗan?"

"Wa zai tsaya wa? Wata huɗu ke nan ba a yanki tikiti ko ɗaya a nan ba."

Ta ce, "Akwai mai saukowa."

Ya dubi Malam Ndagi. Malam Ndagi ya ba shi labari a taƙaice. Sufeton ya cire hularsa ya share gumi. Ba mugun mutum ba ne, aiki aka aiko shi.

Ya ce, "Iya, ni ba ni da ikon tsayar da jirgi don mutumin da ba a san ranar zuwansa ba. Amma dokarmu ta ce tashar da ake hawa a cikinta ba a rufe ta. Ko mutum ɗaya ne a mako. Ranar da Laraba ta wuce ba wanda ya hau, zan aiko a cire allon sunan tashar."

Ta ce, "Mutum ɗaya?"

"Ɗaya."

"Ko tsohuwa ce?"

Ya yi murmushi. "Tikiti bai san tsohuwa ba."

Ta ce, "To na ji. Allah ya saka da alheri."

Da ya tafi, Malam Ndagi ya kira ta gefe ya rage murya. "Inna, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ni zan riƙa yanke tikitin duk Laraba in jefa a aljihu. Wa zai sani?"

Ta ce, "Wanda nake roƙo zai sani, Malam. Ba zan sa ka yi ƙarya da safe ba, sannan in ɗaga hannu da azahar in ce a dawo mini da ɗana. Ƙafata lafiya lau take."

Larabar farko ta zo. Tasalla, wadda ta yi shekara talatin tana sayar wa jirgi fura ba ta taɓa taka cikinsa ba, ta tsaya ta duba tagogi kamar kullum, ba ta ga kowa ba, sannan ta yi bisimilla ta hau taragon ƙarshe, inda gadin jirgi yake. Ta riƙe benci da hannu biyu har Zangon Marke. Ta sauka, ta yi sallah a masallacin tasha, ta kamo gefen dogo ta dawo a ƙasa, domin jirgin da ke komowa ba ya tsayawa a wajenmu. Ta iso da la'asar sakaliya, ƙafafunta sun yi fari fat.

Gari ya ɗauka. Mata a bakin rijiya su ce, "Hajiyar Zangon Marke, an dawo lafiya? Ina tsarabarmu?"

Ta ce, "Ga ta nan a diddigena, ku zo ku kankare."

Barmo ne kaɗai abin bai ba shi dariya ba. Ya same ta a ƙofar gida tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

Ya ce, "Ke dai tun kina yarinya ba kya jin magana. Shekara takwas, Tasalla. Ki yi masa addu'a ki bar wa Allah."

"Na bar masa. Ƙofa kawai nake riƙewa a buɗe."

"Za ki faɗi a daji kura ta cinye ki, a ce baiwar Barmo ta mutu a banza."

"Kura ma tana da zaɓi. In ta ga ƙashi irin nawa wucewa za ta yi ta nemi mai tumbi irinka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da na leƙa taragon nan."

Ta ce, "Da na aiko maka. Tashi ka tafi, kada mu fara."

Laraba ta gaba, da ta kai rabin hanya, wajen wata ƴar gada, sai ta hango jaki a ɗaure da mutum a zaune. Barmo ne.

Ya ce, "Kada ki ɗauka don ke na zo. Jakin ne yake son ciyawar nan."

Ta ce, "Na sani. Tunda ya ƙoshi, bari in rage masa nauyin banza." Ta hau, shi ya biyo a ƙasa.

Tun daga ranar jakin Barmo bai daina son ciyawar gadar nan ba. Da damina da rani, duk Laraba yana can kafin ta iso.

A shekara ta huɗu da fara hawa, zazzaɓi ya kwantar da Tasalla daren Talata. Da safe ta yunƙura ta kasa. Ta rarrafa har bakin ƙofa tana neman mayafinta. Kakata Kande ta shigo ta same ta a haka.

Kande ta ce, "Ina za ki, Yaya?"

"Laraba ce."

"Koma ki kwanta."

"In ya wuce ba wanda ya hau za su cire allon."

Kande ta ɗauki mayafin ta yafa a kanta. Ta ce, "Ranar da kika zo kaina ba ki tsaya neman izinin kowa ba. Ta wace ƙofa ake shiga abin nan?"

Ita ce mace ta biyu da ta yi hawan Laraba. Ta dawo tana ba da labari cewa itatuwa gudu suke yi da baya, ita kam ta rufe ido tana salati har aka isa. Matan da ke tsokana suka yi dariya, amma daga ranar tsokanar ta canza. Duk sa'ad da Tasalla ba ta da lafiya, sai a sami wadda za ta ce yau ni ce. Malam Ndagi ya tsufa ya koma garinsu, aka kawo wani, shi ma ya tarar da abin ya saba. Gadin jirgi kuwa ya san ta har yakan ajiye mata wuri kusa da taga.

Shekara goma sha bakwai da tafiyar Nomau, wata Laraba a tsakiyar damina, jirgi ya zo da tsawo fiye da yadda ya saba, har taragun gaba suka wuce tanki suka tsaya can bayan ciyawa. Tasalla ta tsufa, ba ta iya bin tagogi duka kamar da. Ta duba iya inda idonta ya kai, ba ta ga wanda ya sauka ba. Gadi ya miƙo hannu ya ja ta ciki, ya wuce gaba duba tikiti. Ta zauna a wurinta. Jirgi ya motsa.

Rumfa ta wuce ta tagarta. Gawo ya wuce. Da taragonta ya zo daidai tanki, sai ta ga mutum a tsaye da ɗan ƙunshi a hammata. Ya ba jirgi baya, ya ɗaga kai yana kallon tankin. Akwai furfura a ƙeyarsa. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, irin ta wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya. Kunnuwansa irin na mijinta ne sak.

Ta leƙa ta taga ta kira sunansa. Ita da ta fi kowa sanin ba ya ji, ta kira har sau uku. Bai waiwayo ba. Ciyawa ta rufe shi.

Ta tashi tana dafa benci tana neman gadi. Kafin ta ratsa mutane da kayansu ta same shi, jirgi ya ɗauki gudu ya yi nisa.

Ta ce, "Ɗana, tsayar da shi. Na ga yaron."

Ya ce, "Inna, nan gangara ce, ba a tsayawa. Ki yi haƙuri, yanzu za mu isa. Kin tabbata shi ne?"

Ta buɗe baki za ta ce ta tabbata, sai ta fasa. Sau nawa ta ga ƙeyar wani ta ce shi ne? Fuskarsa ma ba ta gani ba.

A Zangon Marke ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta yi azahar ɗinta a gefen dogo, ta kama hanya. Tafiyar da ta yi shekara tara tana yi, ran nan ta zama kamar ba ta taɓa yin ta ba. Tana tafe tana tunani. In shi ne, zai gane garin kuwa? Rumbun gyaɗa ya rushe, bukkokin da ya sani babu su, sabon mai tasha bai san shi ba, samarin gari ba a haife su ba sa'ad da ya tafi. In ya duba bai ga fuskar da ya sani ba, ya ɗauka ya yi kuskure, ya kama gefen dogo ya yi gaba fa? In kuma ba shi ba ne, da wace ƙafa za ta ƙarasa gida? Ta ce, ya Allah, ban roƙe ka ka gajarta hanyar ba, ka zaunar mini da shi kawai.

Ta matsu ta kai gada ta hau jaki. Da ta hango gadar, ba jaki, ba Barmo.

Ta tsaya. Ta duba ƙarƙashin gada, ta duba gindin bishiyar da yake ɗaure jakin. Ko sawu babu. Shekara tara mutumin nan bai yi fashi ba, ranar da aka yi jana'izar ƙaninsa ma daga maƙabarta nan ya wuto. Ta zauna a bakin gadar. Sai ta tambayi kanta, me zai hana Barmo zuwa yau? Ko ya mutu, ko kuwa akwai abin da ya riƙe shi a tasha wanda ba zai iya bari ba.

Ta tashi. Mahaifiyata ta ce waɗanda ke noma a gefen dogo sun ga tsohuwa tana sauri, takalmanta a hannu, suka yi mata sannu ba ta ji ba.

Tun daga nesa ta hango mutane cike da rumfar tasha, abin da aka yi shekaru ba a gani ba. Da suka gan ta suka dare. A kan benci Barmo yana zaune, jakinsa a gefe da shimfiɗa a baya, ya riƙe wuyan hannun wani mutum da hannu biyu.

Barmo ya ce, "Kin daɗe, baiwata. Na fito zan tafi gada na gan shi yana shirin bin dogo. Tun hantsi nake riƙe da shi. Ko da zan yi sallah sai da na sa liman ya karɓe ni." Ya miƙa mata hannun mutumin. "Zo ki karɓi kayanki, hannuna ya sage."

Mutumin ya ɗago kai. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu, akwai tabo a goshinsa wanda ba ta san shi da shi ba. Ya dube ta ya daɗe, domin ya bar mace mai ƙarfi da ƙwarya a ka, ga shi yana ganin tsohuwa mai takalma a hannu. Sannan ya yi wani sauti daga maƙogwaro, irin wanda yake yi tun yana jariri in ya gan ta, ya zame daga benci ya durƙusa ya kifa kansa a ƙafafunta masu taɓo.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta dafa kansa ta ce alhamdulillahi. Ta ɗago fuskarsa, ta haɗa yatsunta ta kai bakinta, wato ka ci abinci? Ya girgiza kai. Ta juya ta ce da Kande, "A ɗora ruwa."

Inda ya zauna duk shekarun nan, har yau ba wanda ya sani. Ya nuna musu da hannu cewa ya ga ruwa mai faɗi wanda ba a hango ƙarshensa. Ya nuna ya yi dako, an doke shi, wani mai gemu ya riƙe shi ya ciyar da shi. Ya nuna duk sa'ad da ya tara ɗan abin hannu sai ya hau jirgi ya manne a taga, ya bi wannan layi, ya bi wancan, har yatsunsa suka ƙare wajen ƙirga. Sunan gari ko ɗaya babu a ciki. Tasalla takan zauna ta zuba masa ido yana cin tuwo, ta ce da Kande, "Saurayi na rasa, dattijo aka dawo mini da shi. Na gode wa Allah. Amma wanda ke tsakaninsu, ina ma na gan shi ko sau ɗaya."

Laraba ta zagayo. Da hantsi sai ga Tasalla ta fito da mayafinta. Barmo yana ƙofar gidansa.

Ya ce, "Ina kuma za ki? Ko wani ɗan gare ki da ba mu sani ba?"

Ta ce, "Babban ɗan Kande yana kudu shekara uku ba wasiƙa. Mijin maƙwabciyarmu Lantana ma tun shekarar fari bai dawo ba. Su in sun zo a ina za su sauka?"

"Su ai suna da baki, za su tambayi hanya."

"Mai baki ma yakan ji kunyar dawowa hannu wofi. In ya ga jirgi ya tsaya a ƙofar gidansu, wataƙila ya sauko kafin ya yi shawara."

Barmo ya yi tsaki, ya shiga ya kwanto jaki.

Damina biyu Tasalla ta ƙara a duniya. Nomau ne yake raka ta tasha, ya tsaya a ƙasa, ba ya yarda ko ƙafa ya ɗora a matakalar jirgi. Bayan rasuwarta matan gari suka taru a gidan Kande suka raba Larabobin a tsakaninsu, gida-gida, aka fara da gidajen da ke da wani a nesa.

Shi ya sa har wa yau allon Tashar Gawo yana nan ba a cire ba, alhali tashoshin da suka fi tamu girma sun zama kangaye. Wani lokaci jirgin yakan ɗauke ƙafa wata da watanni, amma wadda Larabarta ta zo takan je ta zauna a rumfa har azahar, ko da zai zo. In ya zo, ba ta hawa sai ta bi shi tun daga kai har wutsiya ta duba kowace taga, a kuma bar mutum ɗaya a tasha ya tare duk wanda ya sauka. Mafi yawan Larabobi ba kowa. Sai ta yi bisimilla ta hau, domin mako mai zuwa ma jirgin ya tsaya.